Tambayi Likita: Ƙarin da ke ɓuya bayan ƙashin ƙirji

Daga Mirriya: Likita, timus ita ce maƙoƙo?

A'a. Maƙoƙo a wuya yake. Timus ƴar tsoka ce bayan ƙashin ƙirji, tsakanin huhu biyu, inda sojojin jini ke koyon gane cuta. Tana da girma ga yaro, bayan balaga sai ta riƙa motsewa tana zama kitse.

Daga Zango: Ana ɗaukar kansar timus wajen cin abinci kwano ɗaya?

Ba a ɗauka. Ku ci tuwonku tare.

Wata baiwar Allah daga Birni: Maigidana shekararsa 52. Da yamma fatar idonsa na saukowa, yana ganin abu biyu-biyu, tauna na gajiyar da shi. Hoto ya nuna ƙari a timus, an ce a yi aiki. Ƴan'uwansa sun hana, wai daji ba ya son ƙarfe, sun kai shi an yi masa sakiya.

Ƴar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Maganar nan ta "daji ba ya son ƙarfe" ta gajiyar da ni. Wuƙar likita ce ƙarfe, amma kibiyar da aka gasa a wuta aka ɗora masa a ƙirji ba ƙarfe ba ce? Ƙarin yana can bayan ƙashi, ƙuna a fata ba ta isa wurinsa.

Na san mafarin zancen. Mutane kan zo asibiti ciwo ya riga ya ci jiki, a yi aiki, mutum ya rasu, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Jinkirin ne ya kashe shi.

Wannan ƙari, timoma, ba kasafai ake samunsa ba, ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, kuma yawanci a hankali yake girma. In an cire shi tun yana cikin jakarsa, akasarin mutane na warkewa. In ya fasa ya kama huhu ko jijiyoyin jini, sai an haɗa da gasa ƙarin da hasken na'ura ko allurar ciwon daji, a cibiyar kansa ta Yamai.

Saukowar ido kuwa ba jifa ba ne. Miyasteni ne: sojojin jiki ke tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka, kuma yakan zo tare da timoma. Yana da magani. Kada ya sha komai daga masu tallar magani, musamman kinin da sifiro (maganin kashe ƙwayoyin cuta), suna ƙara raunin. In haɗiya ko numfashi ya yi masa wuya, ko fuska ta kumbura, ku tafi babban asibitin Damagaram ko da tsakar dare ne. Ki zo da yayansa, ni zan yi masa bayani. Kada ku jira kaka.

Daga Magarya: Tari wata biyu, timus ce?

Da wuya. Je ka a duba majinarka saboda tarin fuka, makon nan. Kuma kada wanzami ya taɓa maka beli.