Me ya sa Rasha ta nace wa tashar Sebastofol?

Malam, ka tambaya me ya sa Rasha ta ƙi sakin Sebastofol, tashar jiragen ruwa da ke yankin Kirimiya a bakin Baƙin Teku, alhali gaɓar tekun Rasha ba ta da iyaka. Tsawon gaɓa ba shi ne magana ba. Yawancinta a arewa take, inda ruwa ke daskarewa da hunturu. Sebastofol kuwa ruwanta ba ya ƙanƙara, ga zurfi, ga lungunan da tuddai suka kare daga iska. Tun 1783 aka kafa ta domin jiragen yaƙi.

Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, tashar ta faɗa hannun Yukiren, Rasha ta koma 'yar haya. An ƙulla yarjejeniya a 1997, aka tsawaita ta a 2010 zuwa 2042 bisa rangwamen kuɗin iskar gas. A 2014 ɗan haya ya ƙwace gidan ɗungurungum, wato yankin Kirimiya.

Amma a ganina an cika zuzuta tashar. Ƙofar Baƙin Teku a hannun Turkiyya take, ƙarƙashin yarjejeniyar Montreux ta 1936, kuma da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022 sai ta hana jiragen yaƙi wucewa. Wanda aka nutsar, irin su jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva a watan Afrilun shekarar, ba hanyar kawo madadinsa daga waje. Hare-haren makamai masu linzami da ƙananan jiragen ruwa marasa matuƙi suka sa aka kwashe jirage da dama zuwa Nobarosisk, wata tashar Rasha a Baƙin Teku wadda dama cike take da jiragen dakon mai, ga guguwar hunturu mai tsanani.