Amsa: Baba ya ƙi riƙe sandar asibiti

Ka tambaya ko ku tilasta wa mahaifinku riƙe sandar ƙarfen da aka ba shi a asibiti, tunda ya ce tana sa a riƙa kallonsa da tausayi. Kada ku tilasta masa, ku samo masa sandar katako mai kyau irin wadda dattawa ke dogarawa zuwa masallacin Juma'a, domin ba ta rage wa magidanci kwarjini.

Sharaɗin shi ne likitansa ya amince, a yanke ta daidai wuyan hannunsa yana tsaye, a sanya mata roba a gindi, domin na ga yadda marar roba ke zamewa a kan tayil da taɓon damina a Tudun Wada.