Ga baiwar Allah mai tambaya kan tiyatar cikon nono bayan yaye

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Baiwar Allah da kika ɓoye sunanki, kin ce yaranki uku, kin yaye na ƙarshen, kin rage ƙiba, yanzu nono ya zube har ba kya son tsayawa gaban madubi. Kina tunanin zuwa a sa miki ciko, kina neman wadda ta taɓa yi, kina kuma tambaya ko za ki iya shayarwa in Allah ya ƙara kawo rabo. Wallahi ina karantawa gabana yana faɗuwa, don ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Na ga masu ce miki ki gode wa Allah kawai, na ga masu hulba da man shafawa sun yi miki caa da talla. Ni ba wa'azi na zo yi ba, kuma ba na sayar da ko tsinke. An taɓa kwantar da ni a ɗakin tiyata kan wannan matsalar, don haka ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ni 'yan biyu ne suka gama da ni. Bayan na yaye su hawan jini ya sako ni gaba, likita ta ce ko in rage jiki ko in rungumi magani har ƙarshen rayuwa. Na bar shayi mai kauri, na rage tuwon dare, kullum da sassafe ina zagaye a Dandalin Murtala na nan Kaduna da wasu mata. Jiki ya sauka, jini ya daidaita, amma fatar ƙirji ta ce ba inda za ta. Lokacin zafi ƙarƙashin nonon ya riƙa yin ja, yana ƙaiƙayi, yana tsattsafo da ruwa, hoda ba irin wadda ban barbaɗa ba.

Duk wannan ina daurewa, sai ranar wani biki na dangin maigida a Tudun Wada. Muna ɗakin uwar amarya ana ta canza kaya za a sa anko, ɗaki cike da mata, ga facaloli, ga 'yan mata, ga surukata zaune a bakin gado. Na juya baya na cire rigar mama mai soso da nake sawa, sai ƙanwar mijina ta zagayo ta gabana, ta riƙe baki ta ce, "Kai Anti! Ashe duk acuci ce? Wannan ai silifa ne. Allah sarki Yaya." Ɗaki ya ɗauki dariya. Wata har da tafi. Hajiya ta ce "ke bari mana", amma tana faɗa tana murmushi, na gan ta da idona. Na tsaya riƙe da zani a ƙirji, na rasa hannun rigar ankon, sai juya ta nake. Yarinyar nan a gidana ta zauna lokacin da take karatu. Ni na riƙa dafa mata, ni na haɗa mata kayan ɗaki da aka zo aurenta, da ta haihu ni na tsaya kan ruwan wankan jegonta har ta yi arba'in. Na ga jikinta a halin da ba wanda ya gani, ban taɓa buɗe baki na faɗa wa kowa ba. A mota muna komawa Malali na gaya wa Oga, ina magana muryata na rawa, shi kuwa dariya ya yi ya ce ai wasan ƙanwar miji ne, kin san halinta. Wasa! Har yau ba ta ce mini yi haƙuri ba. Duk sallah sai ta zo ta buɗe tukunyata ta zuba miya, tana Anti kaza Anti kaza. Na yafe don Allah, amma ban manta ba, kuma har gobe ba na cire kaya a gidan biki, a gida nake shiryawa in tafi.

To bar wannan. Masu magani kuwa sun ci kuɗina. Kunun alkama da waken suya da ridi, waɗannan aƙalla abinci ne, sai dai ƙibar da na sha wuya na sauke suka fara dawo mini da ita. Wata mai kayan mata a WhatsApp ta sayar mini da wani mai a kwalba marar suna, na shafa fata ta saɓule, da na tura mata hoto ta toshe ni. Nono ba tsoka ba ne, kitse ne da mazaunin ruwan nono da fata da wasu siraran zaruruwa da ke riƙe shi. In suka miƙe sun miƙe, ba man da zai tattaro su. Motsa jiki yana ƙarfafa naman da ke ƙarƙashi, amma ba ya ɗaga abin da ya sauka. Kuma don girman Allah kar ki yarda kowa ya yi miki allurar ciko a ɗakin otal ko a shagon gyaran jiki. Ruwan silikon da ake ɗurawa kai tsaye yana yawo a jiki, yana iya kaiwa huhu ya kashe mutum, kuma kwashe shi ba ƙaramin aiki ba ne.

Abin da na fi so ki ji shi ne, zubewa daban, rashin cika daban, kuma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ni ma da ciko a bakina na je. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika na fara zuwa, suna da sashen likitocin gyaran jiki, su ne masu aikin ƙuna da yaran da aka haifa da tsagaggen leɓe. Likitan ya sa na tsaya tsaye, nas na gefe, ya duba inda kan nonon yake idan aka gwada da layin nan na ƙarƙashin nono, inda rigar mama ke zama. Nawa ya wuce layin sosai, ƙasa yake kallo. Ya ce Hajiya, in na sa miki jakar ciko a haka, jakar za ta zauna a sama, naki ya rataya a ƙasanta, ki fi jin haushin yanzu. Ciko yana cika wanda ya motse ne. Wanda ya sauka, sai an yanke fatar da ta yi yawa an mayar da kan nonon sama. Wasu matan ana haɗa musu biyun. Ki je gaban madubi yau ki duba naki, tun kafin ki tura wa kowa kuɗi.

Ya kuma gaya mini abin da ya sanyaya mini rai, cewa ba shayarwa ce ke zubar da nono ba. Cikin ne da kansa, da yawan haihuwa, da shekaru, da hawa da saukar ƙiba, da shan sigari. Na faɗi wannan saboda 'yan matan gidan nan da ke cewa ba za su shayar ba don kar ya kwanta. Ku ba yaranku abincinsu.

Ni dai aikin ɗagawa aka yi mini daga baya, a Abuja, ba a sa mini komai a ciki ba. Sai da aka sa na jira nauyina ya tsaya wuri ɗaya, don ana so a ga kamar wata shida ba ya hawa ba ya sauka, bayan yaye ma ana so a ba shi wata uku zuwa shida ya gama komawa. Ba zan yi miki ƙarya ba, na ji daɗin aikin, ƙaiƙayin nan ya tafi, riga tana zama. Amma akwai tabo, ya zagaye baƙin kan nonon, ya sauko ƙasa, ya bi layin ƙarƙashi. Mu masu baƙar fata tabonmu yana iya tasowa ya yi tudu, in kin san hujin kunnenki ko wani tsohon yanka ya taɓa yin haka, ki faɗa wa likita tun farko. Ɗaya kan nonon har yanzu ba na jin taɓi a kansa sosai. Makonni na yi ban ɗaga hannu sama ba, ban goya yaro ba, barci a rigingine, rigar mama ta asibiti dare da rana. In za ki yi, ki nemi lokacin sanyi, kar ki haɗa ɗinki da zafin Maris da Afrilu na garin nan ga rashin wuta.

Ciko kuwa a jikin aminiyata na san shi. Ita Turkiyya ta je, ta dawo kowa yana barka. Bayan wani lokaci na dama ya fara tauri, ya haura sama, yana mata ciwo in ta kwanta a kansa. Jiki ne yake saƙa wata fata ya zagaye duk baƙon abin da aka sa masa, a wasu matan fatar sai ta ƙanƙance ta matse jakar. Wanda ya yi mata aikin yana wata ƙasa, sai saƙon waya, ga kuɗin jirgi ya tashi. Da ƙyar ta sami likita a nan da ya yarda ya karɓi aikin da ba shi ya fara ba. Ina zaune da ita tana kuka tana cewa da ta san ba sau ɗaya ake biya ba.

Wannan shi ne abin da masu talla a Instagram ba sa faɗa. Jakar ba ta har abada ba ce, hukumar FDA mai kula da magunguna ta Amurka da kanta ta ce iya daɗewarta a jiki iya yiwuwar sai an sake buɗe ki, a cire ko a canza. Iri biyu ce. Mai ruwan gishiri in ta fashe za ki ga nonon ya saɓe, jiki ya shanye ruwan. Mai silikon ta fi laushi, amma tana iya fashewa shiru ba ki sani ba, shi ya sa suka ce a yi hoton MRI ko sikanin bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 zuwa 3. Ki lissafa wannan a kan miliyoyin da za ki fara ajiyewa. A 2019 kamfanin Allergan ya janye wasu jakunkunansa masu kaushin baya daga kasuwannin duniya saboda an danganta su da wata irin sankara, ba ta da yawa amma akwai ta. Kafin nan a 2010 an kama kamfanin PIP na Faransa yana cika nasa da silikon da ba na asibiti ba, mata dubbai a ƙasashe da dama suka shiga tashin hankali, aka yanke wa mai kamfanin hukuncin ɗauri. Saboda haka in kin yi, ki karɓi katin da ke ɗauke da sunan kamfani da lambar jakar, ki adana shi tare da takardun gida. Duk ranar da za a yi miki hoton binciken sankarar mama kuma ki gaya musu akwai jaka, don ɗaukarsa daban ne.

Maganar shayarwa, mata da yawa masu ciko suna shayarwa lafiya. Ya danganta da inda aka yanka. In ta layin ƙarƙashi aka shiga an fi tsira, in ta gefen baƙin kan nonon ne ana iya taɓa hanyoyin ruwan da jijiyar da ke sa shi zuba, ruwa ya yi ƙaranci. Aikin ɗagawa ma haka. Likitan gaskiya ba zai rantse miki ba. Ni sai da na tabbatar na rufe haihuwa, don wani cikin zai iya warware aikin gaba ɗaya. Ke da kike cewa "in Allah ya ƙara kawo rabo", a ganina ki dakata tukuna.

Kar kuma a ruɗe ki da cewa waje ya fi. Stella Obasanjo matar shugaban ƙasa ce a lokacin, a Sifaniya ta rasu a 2005 bayan aikin zuƙe kitse. Duk inda za ki, ki bincika likitan yana da rajista da hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, kuma ƙwararre ne a gyaran jiki, suna da ƙungiyarsu NAPRAS. Ki tambayi wa zai sa ki barci, likita ne ko kuwa, akwai ɗakin kulawa ta musamman, akwai jini a kusa. In suka fara jin haushin tambayoyinki, ɗauki jakarki. Mai shan shisha a ɓoye ta daina tun da sauran makonni, don tana hana ciwo warkewa.

Ta fuskar addini, ni ma na kwana ina juyi a kan ayar Suratun Nisa'i da ta yi maganar canza halittar Allah. Malamarmu ta Islamiyya ta kawo mini hadisin Arfaja, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Ta ce majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar da ake yi don gyara aibi ko kawar da cuta, ta hana wadda ake yi don bin yayi. Inda naki ya faɗa, ki kai wa malamin da kika yarda da shi, ki faɗa masa gaskiyar halin da kike ciki, ba 'yan sharhi za su yanke miki ba.

Kin ce Oga bai sani ba tukuna. Ki gaya masa, don ba aikin da za a ɓoye ba ne, kina buƙatar mai ɗaga ki daga gado. Amma in don tsoron kishiya ne, ni nawa bayan aikin da komai ya je ya yi aurensa, har ni na raba goro. Amaryar ma yanzu goyo take. Ban yi nadama ba saboda ni nake kwana da jikina, ni na huta da ƙaiƙayi, amma da don shi na yi da baƙin ciki ya kwantar da ni.

Kafin komai ma ki sa a auna ki da tef, ƙarƙashin nono da samansa, ki shiga Kasuwar Barci wajen masu gwanjo ki zaɓi rigar mama mai faɗin maɗauri daidai ke, yawancinmu ba lambarmu muke sawa ba. Ki dawo ki faɗa mana wata nawa da yayen, ko nauyin ya tsaya, da kuma inda kan nonon yake daga layin nan, sai mu san da wane aikin ma ake magana.