Barcin rana ya hana ɗana barcin dare, in raba shi da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana shekararsa uku da wata huɗu. Da ya dawo daga makaranta ya ci abinci sai ya ɓingire da barci tun bayan Azahar, wani lokacin sai biyar ta gota yake tashi. Da daddare kuma idonsa biyu har sha biyu, yana ta tsalle a kan gado, ni kuwa da Asuba nake tashi. Na gwada hana shi, sai ya wuni yana rigima, kafin Magariba kuma barci ya sace shi a tsakar gida. Kakarsa ta ce alhaki ne tashin yaro daga barci. Yaya zan yi? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Yadda kika bayyana shi, yaronki bai kai a raba shi da barcin rana baki ɗaya ba. Wanda ya isa bari yakan kai dare cikin walwala ko bai runtsa ba, naki kuwa rigima yake yi ya faɗi kafin Magariba. Tsawon barcin da lokacin da yake yinsa su za a gyara.

Mu yi lissafi. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 yana buƙatar barcin awa 10 zuwa 13 a yini da dare, har da na rana. A ce nasa awa 11 ne. Ya cinye uku da rana, saura takwas. In bakwai na safe yake tashi, me zai kai shi gado kafin sha ɗaya? Ba taurin kai ba ne, ya ƙoshi ne. Akwai wani sinadari, adinosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa muddin mutum yana farke, shi ke sa ido nauyi, barci kuma shi ke kwashe shi. Yaron da ya tashi ƙarfe biyar sai ya sake tara shi daga farko. Aikin wannan sinadarin ne goro da shayi da Coca-Cola suke tarewa, don haka ko kurɓin shayin babansa kada a ba shi da yamma.

Ki fara da rage barcin. Ya kwanta da wuri, da ya gama cin abinci, ki ba shi awa ɗaya, kafin a kira La'asar ya riga ya tashi. Wajen tashinsa ban da jijjiga: ki ɗaga labule, ki yi masa magana, ki ɗora shi a cinya ki ba shi ruwa. Zai yi ƙunƙuni na ɗan lokaci, ki ƙyale shi. Hajiya Kaka tana da gaskiyarta, tausayi ne, amma a nuna mata cewa abin da aka rage masa da rana da dare zai rama.

Bayan sati ɗaya ko biyu, in har yanzu yana kai goma bai yi barci ba, ki mayar da shi rabin awa. Daga nan sai yau ya yi, gobe ya tsallake. Yawancin yara tsakanin shekara 3 da 5 suke bari, kuma da kaɗan-kaɗan suke bari, har a yi watanni ana wannan kai-komon. Ranar da bai yi ba, a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, a ba shi littafi mai hotuna ko kayan wasansa ya huta. Ban da waya.

Inda iyaye mata suka fi faɗuwa shi ne tsakanin biyar da Magariba. Kin sha wahala kin hana shi tun rana, sai yayarsa ta goya shi, ko a shiga Keke Napep da shi zuwa unguwa, minti ashirin ya yi a bayanta, shi ke nan an sayi dare. A wannan lokacin a fitar da shi wasa da yara, a yi masa wanka, a ba shi tuwonsa da wuri. Ranar da bai yi barcin rana ba kada ki jira Isha'i, ana idar da Magariba ki saka shi cikin gidan sauro.

Ni dai ba na son a fara wannan aikin a Maris ko Afrilu. Zafi ya hana kowa barcin dare, ga babu wuta, manya ma ƙailula suke nema. A rage tsawon kawai, a bar sauran sai damina ta sauka.

Don Allah kada ki ba shi Piriton ko maganin tari don ya yi barci, wasu yaran ma ƙara birkita su yake yi. Idan kuma yana minshari kullum, yana barci baki buɗe, ko numfashinsa na ɗan tsayawa, ki kai shi a duba masa hanci da maƙogwaro. Haka nan yaron da ya saba wasa ya koma yawan barci farat ɗaya, ga zazzaɓi ko ƙin cin abinci, wannan a ranar za a kai shi asibiti a gwada jininsa.