Ina takardar ta tsaya? Tambayoyinku kan injin bin sawun aiki

Assalamu alaikum Malam. Ni ne sakataren wata ƙungiyar taimakon juna ta ma'aikata a Kaduna, muna ba mambobi rance. Yaron da ke rubuta mana manhaja ya ce sai an saka mata wani inji da zai riƙa bin takardar neman rance daga tebur zuwa tebur, wai kyauta ake samunsa a intanet. Mene ne wannan injin, kuma dole ne sai da shi?

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Ka tuna masinjan ofis na da, mai littafin rijista a hammata? Shi ne ya san fayil ɗin wane yana teburin wa, yaushe ya shiga, wa ya sa hannu, wa ya rage. Injin da yaronka ke magana a kai, wanda a Turance ake kira workflow engine, wannan masinjan ne, sai dai a cikin kwamfuta yake, ba ya zuwa ɗaurin aure, ba ya mantuwa, kuma ba a ba shi na goro ya ɗora fayil ɗin wani a sama.

Ga yadda yake aiki. Ana zana masa hanyar da takarda za ta bi: mamba ya cike fom, ma'aji ya duba ko ajiyarsa ta kai, mutum biyu su tsaya masa, kwamiti ya zauna, shugaba ya sa hannu, a biya. Akwai ƙa'idar zane da duniya ta amince da ita, sunanta BPMN. Ƙungiyar OMG, mai tsara ƙa'idojin manhaja, ce ta fitar da sigarta ta 2.0 a 2011, ta kuma zama ƙa'idar ISO, hukumar ƙa'idoji ta duniya, a 2013. Da'ira tana nuna farko ko ƙarshe, akwati yana nuna aiki, alama mai kusurwa huɗu a karkace ita ce mararraba, inda ake cewa "idan kuɗin ya wuce naira dubu 500 a kai wa kwamiti, in bai wuce ba a wuce da shi wurin shugaba". Zanen ba ado ba ne. A bayansa fayil ne na XML, wato rubutu mai tsarin da kwamfuta ke ganewa, shi injin ke karantawa ya bi.

Amma abin da ya sa ake neman injin tun farko shi ne jira. Kwamfuta ta iya lissafi cikin ƙiftawar ido, jiran ɗan Adam ne yake ba manhaja wahala. Mai tsaya wa mamba ya tafi ƙauye, sai bayan mako biyu zai dawo. A cikin makon biyun an ɗauke wuta sau ba adadi, an kashe kwamfutar an kunna. Duk sanda takarda ta iso wurin da za a jira mutum, injin yana rubuta matsayinta a rumbun bayanai, ya sake ta. Ranar da mutumin ya danna amincewa, ya ɗauko daga daidai inda ya tsaya. Kana iya saka masa agogo: kwana uku ma'aji bai taɓa takarda ba, a tuna masa, kwana bakwai, a sanar da shugaba. Kuma kowane motsi yana barin sawu, wa ya yi, ƙarfe nawa. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo za ka gode wa Allah.

Wani amfani da mutane ba sa gani sai sun shiga ciki: a ce babban taro ya canza doka, yanzu masu tsayawa uku ake so maimakon biyu, alhali takardu 40 suna kan hanya. Injin kirki yana barin tsofaffin su ƙarasa a kan tsohuwar doka, sababbi su fara da sabuwa. Wanda ya rubuta wannan da hannu ya san ciwon kan da ke ciki.

To, dole ne? A'a. Idan matakanku biyar ne ko shida, a jere, ba sa canzawa sai shekara-shekara, gurbi ɗaya a rumbun bayanai mai nuna "tana wurin ma'aji", "tana wurin kwamiti", haɗe da teburin tarihin wanda ya motsa ta, ya wadatar. Idan kuma kuna amfani da ERPNext, manhajar tafiyar da lissafi da harkokin ofis, akwai sashe a cikinta mai suna Workflow da ke yin wannan ba tare da an ƙara komai ba. Injin yana da nasa nauyin: wani sai ya iya shi, ya riƙa sabunta shi, ya riƙa share tsohon tarihi kafin rumbun ya cika. Ka tambayi yaron: in ka samu aiki a Abuja gobe, wa zai riƙe mana wannan?

Kafin komai ma, ku tara ma'aji da shugaba da kai kanka, kowa ya zana hanyar rancen a takarda ba tare da leƙen na ɗan'uwansa ba. Na taɓa yin haka a wata ma'aikata, mutum uku suka kawo zane uku, kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. Ashe akwai wani mataki da ba a rubuta a ko'ina ba: sai an kira oga a waya ya ce "to". Inji bai san wannan kiran ba. Ko dai ku saka shi a zane, ko ku daina yinsa.

Malam, ni ɗaliba ce a fannin kwamfuta a Zariya. Ina son yin aikin kammala karatuna a kan wannan fanni, amma jBPM da Activiti da Flowable da Camunda duk kamarsu ɗaya a idona. Wanne zan koya?

Ƙanwata, idonki bai yi ƙarya ba, 'yan gida ɗaya ne. Tom Baeyens ne ya ƙirƙiro jBPM, aikin ya shiga ƙarƙashin kamfanin JBoss, wanda kamfanin Red Hat ya saya a 2006. A 2010 shi da Joram Barrez suka koma kamfanin Alfresco suka fara sabon inji, Activiti. A 2013 kamfanin Camunda na Balin a Jamus ya ɗauki kwafin Activiti ya kama gabansa. A 2016 manyan masu rubuta Activiti ɗin su ma suka fice da nasu kwafin suka sa masa suna Flowable. Lasisin Apache 2.0 ne ya ba su damar haka: kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya ci gaba da wani suna. In kina son ganin alamar gidan, buɗe rumbun bayanan Flowable ko Camunda 7. Za ki tarar sunayen tebura suna farawa da ACT_, gadon Activiti: ACT_RU_TASK na ayyukan da ke jiran mutum yanzu, masu ACT_HI_ na tarihi. Shi kuwa jBPM, bayan tafiyar mai shi an sake gina shi a kan wani tushe daban, na wata manhaja mai suna Drools.

Ni dai Flowable zan ce ki kama. Har yanzu yana kan Apache 2.0, yana shiga cikin manhajar Java mai Spring Boot kamar kowane guntun manhaja da ake haɗawa (library), yana tafiya da PostgreSQL ko MySQL, kuma kwamfutarki ta cinya za ta ɗauke shi. In Python kika fi sabawa da shi, duba SpiffWorkflow, shi ma BPMN yake karantawa.

Camunda kuwa a yi hattara, domin darussansa suna da yawa a YouTube, kuma da yawansu sun tsufa. Sigar kyauta ta Camunda 7 ta zo ƙarshe, 7.24 ta watan Oktoba 2025 ce ta ƙarshe. Camunda 8 gini ne daban a kan inji mai suna Zeebe, kuma tun daga siga ta 8.6 a 2024, wanda zai ɗora shi a kan na'urarsa don aikin gaske sai ya sayi lasisi. Koyo da gwaji ba laifi. Wasu sun ci gaba da riƙon Camunda 7 a ƙarƙashin sunayen Operaton da CIB seven. Haka Netflix ya daina kula da nasa injin, Conductor, a ƙarshen 2023, wasu suka ɗauka. Saboda haka kafin ki ɗora aikinki a kan kowanne, buɗe fayil ɗin lasisi ki karanta da kanki, ki kuma duba yaushe aka yi masa gyara na ƙarshe. Zanen BPMN ɗin dai shi ne jarinki, za ki iya fara koyonsa yau a burauza a shafin bpmn.io, kuma duk injin da ke karanta BPMN da kika koma za ki tafi da shi.

Yallaɓai, ina rubuta manhajar sayar da data da katin waya a Kano. Matsalata, wani lokaci a cire kuɗin kwastoma amma data ba ta je ba, sai na bi da hannu ina mayarwa. Injin nan zai yi min magani?

Zai taimaka, ɗan'uwa, amma ba irin na sama ba. Kai ba mutane kake jira ba, na'urori ne ke katse maka magana a tsakiya. Duba Temporal. Maxim Fateev da Samar Abbas ne suka kafa shi a 2019, daga Cadence da suka gina a kamfanin Uber, lasisinsa MIT. Babu zane a nan, da harshen rubuta manhaja irin su Go ko Java ko TypeScript ko Python ko PHP za ka rubuta matakan: cire kuɗi, aika data, in ta ƙi bayan gwaji kaza, mayar da kuɗi. Yana ajiye tarihin kowane mataki, in na'ura ta mutu a tsakiya sai ya sake karanta tarihin ya ci gaba daga inda aka kwana.

Sai dai ga tarkon. Ka aika wa dillalin data buƙata, bai amsa ba har lokaci ya ƙare. Shirun nan ba ya nufin bai aika ba. In injin ya sake gwadawa a makance, kwastoma ya samu data sau biyu, kai ka biya. Dole kowane ciniki ya kasance da lambarsa guda da ba ta canzawa, ka aika da ita a kowane gwaji, kuma kafin ka sake ko ka mayar da kuɗi, ka tambayi dillalin matsayin wannan lambar. In dillalinka ba shi da hanyar tambayar matsayi, babu injin da zai cece ka, sauya dillali ya fi maka. Ka kuma lissafa kuɗin riƙe Temporal ɗin, don yana son nasa rumbun bayanan. In cinikinka bai kai ya kawo ba, tebur ɗaya na cinikin da ke rataye da ƙaramin shiri mai zagayawa kowane minti biyar yana dubawa zai kashe maka wannan wutar.

Malam, manhajojin n8n da Airflow fa? Su ma wannan aikin suke yi?

Maƙwabta ne, ba gida ɗaya ba. Airflow, wanda aka fara a Airbnb a 2014 kuma yake hannun gidauniyar Apache yanzu, na jera ayyukan kwasar bayanai ne a kan lokaci, kamar haɗa rahoton ciniki kowane dare. Ba a yi shi don jiran sa hannun ma'aji ba. n8n kuwa na haɗa manhajoji ne, fom ya shigo, a rubuta a Google Sheets, a aika saƙon Telegram. Rubutun manhajarsa a buɗe yake kana gani, amma lasisinsa ba irin na Apache ko MIT ba ne: ka yi aikin cikin gidanka da shi kyauta, amma ɗora shi kana sayar wa wasu damar amfani da shi sai da yarjejeniya da kamfanin.