Filin Tambaya: Wa Ya Koya Wa 'Yan Sama-Jannati Sanin Duwatsu?

Tambaya: Malam, an ce mana waɗanda suka je duniyar wata matuƙa jirgin sama ne. To yaya aka yi suka san dutsen da za su ɗauko, kuma da wane kaya aka koya musu? Daga wata ɗaliba a Daura.

Amsa: 'Yata, gaskiya aka gaya muku. Cikin mutum 12 da suka taka wata, Harrison Schmitt ne kaɗai masanin duwatsu, shi ma sai a 1972 ya je. Sauran sai da aka mai da su 'yan makaranta.

A 1967, kusa da garin Flagstaff na jihar Arizona a Amurka, aka binne nakiya a wani fili mai tokar aman wuta, aka tayar da ita, ramukan suka fito daidai da waɗanda aka gani a hoton wani yanki na wata. A irin wannan fili suka riƙa yawo da wata 'yar motar gwaji mai suna Grover.

Kayan hannunsu kuwa ba baƙi ba ne a wurinmu: guduma, shebur, manjagara, bututun da ake kafawa a ƙasa a ciro ta hawa-hawa, da dogon awartaki, don rigarsu ba ta barin mutum ya sunkuya. Akwai kuma sanda mai ƙafa uku da ake girkewa gefen dutse kafin a ɗauki hoto, a gane girmansa da inda rana take. Kyamarar Hasselblad a ƙirji ake ɗaure ta, ba wurin leƙawa, sai mutum ya saita da jikinsa.

Amma ni abin da ya fi burge ni shi ne rediyo. Malamai su zauna nesa, ɗalibi ya kwatanta dutse da baki har su gane shi ba tare da sun gani ba. Nakan tuna kakana, mahaƙin rijiya a nan Katsina. Daga can ƙasa zai murza yumɓu a yatsunsa, ya ɗaga murya ya ce, "Saura gaba biyu mu tarar da ruwa."

Da wannan horon ne David Scott da James Irwin na kumbon Apollo 15 suka hango wani farin dutse a 1971, suka ga ƙwayoyinsa na ƙyalli, nan take suka sanar ta rediyo cewa sun samu abin da suka zo nema. Da aka auna shi, shekarunsa sun kai kimanin biliyan 4.