Baƙon wa?

Ɗan nema, saƙonka ya iso, ƙanwarka ta karanta mini har sau biyu don na ce ban ji da kyau ba. Wai kai da abokanka za ku Daura kallon Sallar Gani, ku biya ku ga gidan marigayi Buhari, kuma kana tambaya ko dole ne sai ka sauka gidan tsohon aminin kawuna, ko kuwa ku kama ɗaki a otal ku huta da "dogayen gaishe-gaishe". Na yi dariya har na sarƙe da goro. Daga baya kuma na yi shiru.

Ni na fara zuwa Gani a 1974, ina saurayi ko gemu ban tara ba. Naira ba ta daɗe da fitowa ba, mutane har lokacin da sule suke lissafi. Kawu ne ya tafi da ni don in riƙe masa kaya. Muka hau bayan babbar mota daga Kano, muka bi ta Kazaure, ba mu shiga Daura ba sai bayan isha. Shekarar watan Gani ya faɗo cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum. Aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka kawo tuwo da fura, na ci na kwanta ban ko tambayi sunan mai gidan ba.

Da asuba na ji tambari da algaita daga nesa, sai ƙafa ta yi mini ƙaiƙayi. Kawu na lazimi, na sulale. Ban gaida kowa ba. Na bi 'yan kallo, na bi dawakai, na ga mutanen Damagaram da suka ƙetaro iyaka da rawunansu, har rana ta take na rasa gabas na rasa yamma. Ƙishirwa ce ta kai ni rijiyar Kusugu, wadda aka ce macijin nan mai suna Sarki ya hana mutane ɗiba sai ran Juma'a, har Bayajidda ya zo ya sare masa kai. Ni dai a ranar ba tarihi ya dame ni ba, maƙogwarona ne ya bushe.

Akwai wani tsoho zaune a wurin, guga a gefensa, gemunsa ja da lalle. Na miƙa hannu. Ya zuba mini ruwa a ƙoƙo, ya bari sai da na shanye, sannan ya ce, "Yaro, baƙon wa?" Na buɗe baki, babu abin faɗa. Na ce daga Kano nake. Ya ce, "Ban tambaye ka garinku ba. Wa ya ba ka tuwo jiya?" Wallahi har yau in na tuna sai in ji kunnena ya yi zafi. Mutanen wurin suka yi ta dariya, wata mai tallar ƙosai har da tafa hannu. Tsohon bai yi dariya ba. Ya sa na kwatanta masa zauren, da bishiyar da ke ƙofarsa, ya gane gidan, ya haɗa ni da wani yaro ya mai da ni.

Kawu bai buge ni ba, da ma ya buge ni da ya fi sauƙi. Cewa ya yi, baƙo idonsa buɗe yake amma makaho ne, mai masauki shi ne sandarsa. Kakarmu kuma takan ce baƙo raɓa ne, amma raɓar ma a kan ganyen wani take kwana. Ya tasa ni gaba na durƙusa na gaida mai gida, na miƙa masa ƙullin goron da muka zo da shi. Da la'asar mutumin nan da na raina ya hau da mu kan soron wani ɗan'uwansa da ke bakin hanyar hawa. Daga nan na ga Sarki Muhammadu Bashar ƙarƙashin laima, dogarai na kewaye da shi, ƙura ta tashi har ba ka ganin kofaton doki. Mai gidan yana nuna mini da baki: wancan hakimin kaza ne, waccan tawagar daga ƙauye kaza take. Waɗanda ke ƙasa wuyan juna kawai suke kallo.

Shi kuwa Buharin da kuke son ganin gidansa, a lokacin hafsan soja ne, ban ji ko mutum ɗaya ya ambace shi ba. Sai a 1975 aka ba shi gwamnan Jihar Arewa maso Gabas. Yanzu ga shi a gidan nasa aka binne shi a watan Yulin 2025, kuma gida ne mai iyali, ba kasuwa ba. Abin da ke ba ni tsoro ke nan da ku 'yan yanzu. Kun iya ɗaga waya kafin ku yi sallama. Na ga hotunan da yara ke ɗauka a wuraren ta'aziyya suna washe haƙora. In Allah ya sa an bar ku kun matsa kusa, ku cire takalmi inda aka ce a cire, ku yi masa addu'a, wayar ta zauna cikin aljihu.

Maganar otal kuma, kuɗinka ne, ban hana ka ba. Aminin Kawu ya daɗe da rasuwa, amma 'ya'yansa na nan, kuma da aka yi rasuwar kakarka su uku suka zo har nan da buhun gero. Ka biyo ta wajena kafin ku tafi, akwai turmin atamfa da zan ba ka ka kai wa babbar 'yarsa. Goro kuwa ka saya da kanka, fari, kada ka kwaso mini wanda ya bushe.